Tambayoyi da Amsoshi kan Zaɓen Abin Liƙin da Ya Dace da Magudanar Bahon Wanka ta Filastik

Yoyon da ke fitowa daga ƙarƙashin bahon wanka ɓarna ce da ba a saurin ganewa, domin wurin a rufe yake, kuma sau da yawa sai ruwa ya riga ya jiƙa daɓe ko ya ɓullo ta silin ɗakin da ke ƙasa kafin mai gida ya farga. Tun da kayan filastik suka maye gurbin na tagulla a yawancin magudanun baho, abin liƙin da ya daɗe yana yi wa ƙarfe aiki ya zama abin da sai an duba shi da kyau, domin yana iya zama sanadin tsagewar filastik. A bakinmu kalmar roba ta haɗa abu biyu, saboda haka a nan za a ce filastik ga mai tauri, wato jikin baho da bututu, a bar roba ga mai taushi, wato zoben da ake matsewa a tsakanin abubuwa biyu.

A ina ne ake sa abin liƙi a magudanar baho, kuma mene ne aikinsa?

Magudanar baho tana da ɓangare biyu da suke haɗuwa a ramin da ke gindin bahon. Ta sama akwai bakin magudana, wanda yake da leɓe mai faɗi da ke kwantawa a kan fatar bahon. Ta ƙasa kuma akwai gwiwar da ke karɓar ruwa ta miƙa shi ga bututu. A wasu ƙirar, bakin yana da haƙoran murɗi da ke shiga cikin gwiwar kai tsaye. A wasu kuma kusa mai murɗi ce guda ɗaya a tsakiya take jawo su su haɗe. Tsakanin bayan baho da gwiwar akwai gaskit, wato zoben roba mai kauri, kuma shi ne ke ɗauke da babban nauyin hana ruwa fita.

Abin liƙi babban wurinsa ɗaya ne: ƙarƙashin leɓen bakin magudana, ta ciki. Aikinsa shi ne cike 'yar tazarar da ke tsakanin leɓen da fatar bahon, don kada ruwan da aka tara ya riƙa sulalewa ta gefe alhali an toshe magudanar. Wanda ya fahimci wannan rabon aiki ya rage wa kansa rabin wahala, domin yawancin kurakuran da ake yi sun samo asali ne daga ɗora wa abin liƙi aikin da na gaskit ne.

Ta yaya zan san irin filastik ɗin da ke gabana?

Abu biyu za a tantance, jikin bahon da kuma kayan magudanar, domin abin liƙin zai taɓa duka biyun. Bahon filastik yawanci akirilik ne da aka ƙarfafa bayansa da zaren gilashi, ko kuma zaren gilashi ne da aka yi wa shafe mai sheƙi a fuska, ko falle na wani nau'in filastik da ake kira ABS da aka lulluɓe da akirilik. Kayan magudana kuwa ana yin su da ABS, ko PVC, ko PP, waɗanda duk nau'o'in filastik ne. Sau da yawa bakin magudanar da ke ƙyalli kamar ƙarfe ABS ne aka yi masa rufin kurom, kuma rashin nauyinsa a hannu shi ke tona shi.

Hanya mafi aminci ita ce karanta abin da aka buga a jikin kayan ko a takardar da ta zo da su. Idan alamar kusurwa uku ta sake sarrafawa aka gani, lamba 3 tana nufin PVC, lamba 5 tana nufin PP, ABS kuma yana faɗawa cikin lamba 7 tare da wasu nau'o'in. Launi yana taimakawa amma ba hujja ba ne: a Amurka bututun ABS baƙi ne, na PVC fari, alhali a wasu ƙasashe ana samun ABS fari. Idan akwai guntun da aka yanke, a jefa shi a ruwa. PP yana tasowa sama saboda ya fi ruwa rashin nauyi, PVC yana nutsewa nan take, ABS kuma yana nutsewa a hankali.

Me ya sa ake hana amfani da fotin masu gyaran famfo a kan filastik, alhali an daɗe ana aiki da shi?

An daɗe ana aiki da shi, gaskiya ne, amma a kan bahon ƙarfe mai rufin tangaran da bakin magudana na tagulla. Fotin gargajiya garin farar ƙasa ne ko yumɓu da aka kwaɓa da mai, ko man tsirrai ko wanda aka samo daga ɗanyen man fetur. Man shi ne ke sa fotin ya zauna da laushi, kuma shi ne matsalar. Ƙarfe da tangaran ba sa shan mai. ABS da akirilik kuwa mai yana iya kutsawa cikinsu a hankali.

Abin da ke faruwa sananne ne a wurin masana filastik: tsagewa ce da ke aukuwa idan abu biyu suka haɗu, wato matsi da sinadari. Filastik ɗin da aka matse da murɗi yana cikin ja-in-ja a kowane lokaci ko da ido bai gani ba. Shi kaɗai matsin zai iya jurewa, shi kaɗai man ma wataƙila ba zai yi masa illa ba idan yana ajiye ba a ɗaure ba. Amma idan mai ya shiga tsakanin ƙwayoyin filastik ɗin da ke cikin matsi, sai ya sassauta riƙon da suke yi wa juna, ƙananan tsage masu kama da saƙar gizo-gizo su soma bayyana, su yi ta tsawo har wata rana leɓen ya ɓalle ko haƙoran murɗi su rabu da jikinsu.

Abin da ya sa mutane da yawa ba sa yarda da wannan gargaɗi shi ne jinkirin ɓarnar. Ranar da aka ɗaura, komai lafiya lau. Bayan watanni, ko shekara da wani abu, sai tsaga ta fito, kuma a lokacin babu mai tuna fotin. Sai a ɗora laifi a kan rashin ingancin kayan. Akwai masu gyaran famfo da za su ce sun sa foti a baho da yawa ba su taɓa ganin illa ba, kuma ban ƙaryata su ba, domin haɗin foti ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, PVC da PP kuma sun fi ABS juriya. Sai dai kamfanonin da ke yin fotin da kansu sukan rubuta a jikin gwangwani cewa kada a sa shi a kan filastik, masu ƙera baho da yawa kuma sukan janye garantinsu idan aka yi hakan. Idan mai abu ya ce abinsa bai dace da wuri ba, ban ga dalilin yi masa gardama ba.

To, fotin da aka ce ba ya barin tabo fa?

An yi shi ne musamman domin duwatsu masu shan mai irin su marmara, waɗanda fotin gargajiya ke bar musu zoben duhu. Rashin tabo a kan dutse abu ne dabam, dacewa da ABS ko akirilik kuma abu ne dabam. Wasu daga cikin irin wannan foti sun dace da filastik, amma shaidar ita ce a ga sunan filastik ɗin a rubuce cikin jerin abubuwan da aka yarda a sa shi a kai. Idan ba a gani ba, a bar shi.

Wane irin silikon ya kamata in saya?

Silikon zalla, wanda aka rubuta kashi 100 cikin 100 a jikinsa, kuma wanda aka yi domin banɗaki. Wannan shi ne abin da mafi yawan masu ƙera bahon akirilik suke ba da shawara a kai. Amma ko a cikin silikon zalla akwai bambancin da ya kamata a sani, kuma bambancin yana cikin abin da yake fitarwa yayin da yake ƙamewa.

Nau'i na farko shi ne mai asid, wanda ake kira asetoksi. Ana gane shi da warin ruwan khal mai hawa kai da zarar an buɗe shi. Yana ƙamewa da sauri, yana kama gilashi da tangaran sosai, amma asid ɗinsa yana cin tagulla da jan ƙarfe, kuma kamunsa a kan filastik da dama ba shi da ƙarfi. Idan bakin magudanar tagulla ce da rufinta ya ɗan kankare ta ƙasa, asid ɗin da aka kulle ƙarƙashin leɓe zai samu abin ci.

Nau'i na biyu shi ne marar asid, kuma shi ma kashi biyu ne. Akwai mai fitar da sinadarin oksim, akwai mai fitar da alkohol, wanda ake kira alkoksi. Na oksim an san shi da jawo tsagewa a filastik mai suna folikabonet, kuma ana taka-tsantsan da shi a kan akirilik da ke cikin matsi, musamman a wurin da iska ba ta shiga. Na alkoksi shi ne mafi sauƙin hali a kan filastik da ƙarfe duka, kuma da za a ce in zaɓi ɗaya ba tare da na ga takardar bahon ba, shi zan ɗauka.

A jikin kwalin ana iya ganin lambar ma'aunin inganci. EN 15651-3 ma'aunin Turai ne na abin liƙin banɗaki da kicin, ASTM C920 kuma na Amurka ne na abin liƙi mai talewa. Ganin su alama ce mai kyau, amma ba su maye gurbin jerin kayan da aka ce silikon ɗin yana kamawa ba. A kuma duba ranar ƙarewar aiki, domin silikon da ya tsufa a cikin kwalinsa yana iya fitowa da kyau amma ya ƙi ƙamewa har abada.

Abin da ba a so a nan shi ne abin liƙin akirilik mai tushen ruwa, ko da an rubuta cewa an haɗa shi da silikon. Yana motsewa idan ya bushe, kuma ba a yi shi don ya zauna cikin ruwa ba. Akwai kuma silikon mai araha da aka ƙara wa yawa da mai. Wannan ya dawo da matsalar foti ta wata ƙofa.

An ce silikon ba ya kama PP. Yaya za a yi ke nan?

Haka ne. Fatar PP tana da santsi irin na kakin zuma, kuma kusan babu gam ko silikon na yau da kullum da ke manne mata da gaske. Shi ya sa kayan magudanar PP suke zuwa da zobban roba, ana haɗa su da matsi kawai. Idan aka sa silikon ƙarƙashin leɓen PP, zai ƙame ya zama kamar gaskit da aka zuba a wurin, yana tare ruwa muddin matsin yana nan, amma ba ya riƙe komai. Idan magudanar ta motsa, yoyo zai biyo baya. A irin wannan hali, zoben da kamfani ya bayar ya fi duk abin da za a matso daga kwali.

Kayan da na saya sun zo da zoben roba na sama. In ƙara silikon don ƙarin tabbaci?

A'a, sai fa idan takardar kayan ta ce a yi. Zoben roba yana aiki ne idan ya kwanta a busasshiyar fuska mai tsabta aka matse shi daidai. Ɗanyen silikon yana da santsi, saboda haka idan aka shafa shi a jikin zobe sannan aka murɗa, zoben yana iya zamewa ya kumburo ta gefe guda, ya bar ɗaya gefen a buɗe. Wannan ya fi muni a gaskit na ƙasa, inda ba a ganin abin da ya faru. Na sha ganin gwiwar magudana da aka dulmuya cikin silikon ta ko'ina, amma ruwa yana ɗiga, da aka kwance kuwa sai aka tarar gaskit ɗin ya naɗe a ciki.

Wuri ɗaya da silikon ke iya taimaka wa gaskit na ƙasa shi ne idan bayan bahon yana da kaushi ko tudu da kwari na zaren gilashi a kewayen ramin. Ko a nan ma, ya fi kyau a fara goge wurin da lallausar takardar yashi har ya daidaita, sannan idan da sauran rami a cike shi da siririn shafe.

Haƙoran murɗi fa, a naɗa musu farin tef ko a shafa man murɗi?

Haƙoran bakin magudana miƙaƙƙu ne, faɗinsu ɗaya daga sama har ƙasa, kuma ba a yi su don su tare ruwa ba. Aikinsu su jawo sama da ƙasa su matse gaskit. Saboda haka yawanci ba sa buƙatar komai. Farin tef na PTFE ba ya yi wa filastik illa ta fuskar sinadari, kusan babu abin da yake mu'amala da shi, amma yana da illa ta wata fuska: yana ƙara kauri a cikin gwiwar, yana kuma sa murɗi ya yi santsi har mutum ya wuce iyaka bai ji ba. Gwiwar filastik da ƙarfe ya shiga cikinta da ƙarfi tana tsagewa ne a tsaye, daga baki zuwa ƙasa. Idan dole sai an sa tef, zagaye biyu ya isa.

Man murɗi kuwa sai an karanta jikinsa. Da yawa daga cikinsa an yi su ne domin bututun ƙarfe, da mai ko sinadarin narkarwa a ciki. Wanda ya dace zai ambaci ABS da PVC da sunansu. Akwai kuma ruwan kulle noti da makanikai ke ɗigawa a haƙoran kusa don kada ta kwance; wannan yana tsaga ABS da danginsa cikin ɗan lokaci, kada ya kusanci magudana ko kaɗan.

Notocin filastik da ke haɗa bututu da bututu a ƙasa, masu zobe mai tsini a ciki, ba sa buƙatar tef ko silikon. A tabbatar tsinin zoben yana fuskantar inda bututun zai shiga, a murɗa da hannu, sannan a ƙara kamar rubu'in zagaye.

Zan iya amfani da gam ɗin fayif wajen liƙe bakin magudana?

Ba za a yi haka ba. Gam ɗin fayif ba ya cike tazara, narkar da fatar filastik yake yi don bututu biyu su zama abu ɗaya. Sinadaran da ke cikinsa suna da ƙarfin da ɗigo ɗaya a kan akirilik zai bar tabon da ba ya gogewa. Wurinsa shi ne haɗa bututu da soket a ƙasan baho, kuma a can ma kowane filastik da nasa: na PVC yana bin ma'aunin ASTM D2564, na ABS yana bin D2235, na haɗa ABS da PVC kuma yana bin D3138, kodayake dokokin gini a wasu wurare suna taƙaita amfani da wannan na ƙarshe. PP ba ya narkewa da ko ɗaya daga cikinsu. Duk lokacin da ake aiki da wannan gam kusa da baho, a rufe fuskar bahon da kwali ko tsumma mai kauri, a kuma buɗe taga.

Me zai hana a sa abin da ya fi silikon ƙarfi, a huta gaba ɗaya?

Magudana abu ce da wata rana za a kwance. Rufinta yana dusashewa, marfinta yana lalacewa, gaskit yana tsufa. Wanda ya liƙe ta da foliyuretan ko efoksi ya ɗaure wa na bayansa hannu, domin cire ta zai iya tafiya da fatar bahon. Wasu nau'o'in foliyuretan ma suna ɗauke da sinadarin narkarwa.

Akwai kuma dalilin motsi. Akirilik yana miƙewa da zafi kusan milimita 0.07 a kowace mita a kowane digiri ɗaya na Salshiyas, wato kusan ninki shida na miƙewar baƙin ƙarfe. Ga shi kuma lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka bahon da ya ɗauki lita 150 tare da mai wanka a ciki, gindinsa yana ɗan lanƙwasawa sannan ya koma. Abin liƙin da ya ƙame ya yi tauri kamar dutse, irin efoksi ko sufa gulu, ba zai iya bin wannan motsi ba. Ko ya ɓalle, ko ya tara matsin a wuri guda har bahon ya tsage. Sabbin abubuwan liƙi na haɗin-gambiza da ake kira MS ba su da sinadarin narkarwa kuma suna talewa, saboda haka wasunsu sun dace, amma kamunsu ya fi na silikon ƙarfi, kuma ba dukansu aka yi don zama cikin ruwa ba.

Da me zan share wurin kafin in sa sabo?

Sabon silikon ba ya kama tsoho yadda ya kamata, kuma ba ya kama wurin da ke da maiƙon foti ko dattin sabulu. A kankare tsohon da makankarin filastik ko tsohon katin filastik, ban da reza ko wuƙa, domin akirilik yana karcewa da sauƙi. Sannan a wanke da ruwan ɗumi da sabulun wanke kwanuka, a ɗauraye, a bar shi ya bushe sarai.

Tina, asiton, fetur da kananzir duk a nisanta su da bahon. Asiton yana narkar da ABS da akirilik a take. Alkohol na goge-goge ya fi su sauƙi, kuma wasu kamfanoni sun yarda da shi, amma shi ma yana iya jawo ƙananan tsage a akirilik idan aka bar shi ya jiƙa wurin, musamman a bakin ramin da aka huda. Idan za a yi amfani da shi, a ɗan ɗiga a tsumma, a goge sau ɗaya, a bar shi ya tashi.

Yaya ake sa silikon ɗin, kuma wane matsi ya isa?

A fara haɗa komai a bushe don a ga cewa gwiwar ta zauna daidai da ramin ba tare da an ja ta ko an tura ba. Bututun da sai an tanƙwara shi kafin ya kai zai ci gaba da jan magudanar dare da rana, kuma babu abin liƙin da zai gyara wannan. Idan komai ya daidaita, a zagaya ƙasan leɓen da silikon mai kaurin milimita 4 zuwa 5, zobe cikakke marar yankewa. A ɗora gaskit a kan gwiwar ta ƙasa, a saka bakin ta sama, a soma murɗawa da hannu don haƙoran su hau daidai. Idan aka ji turjiya tun a zagayen farko, an hau a karkace ne, a kwance a sake.

Daga nan a ƙarasa da makullin magudana, wanda ke kama sandunan da ke gicciye a cikin bakin. Ana so a ga silikon ya ɓulɓulo ta ko'ina a kewayen leɓen, gaskit ya matsu ba tare da ya kumburo ba, gwiwar kuma ta daina motsi idan aka girgiza ta da hannu. A nan za a tsaya. Ƙarin zagaye ɗaya bayan wannan yana matse silikon ɗin ya fita duka, ya bar leɓen a kan bahon tsirara, yana kuma sa filastik cikin irin matsin da ke jiran ɗigon mai ya tsage. Rarar da ta fito a goge ta nan da nan da tsumma kafin ta yi fata.

Sai bayan awa nawa za a zuba ruwa?

Silikon yana ƙamewa ne da laimar da ke cikin iska, daga waje zuwa ciki, kusan milimita 2 zuwa 3 a awa 24. Fatar da yake yi cikin minti kaɗan tana yaudarar mutane. Wanda ke ƙarƙashin leɓe a kulle yake tsakanin fuska biyu da iska ba ta ratsawa, sai ta siririn gefe kawai take isa gare shi, don haka ya fi na fili jinkiri. Awa 24 ita ce mafi ƙaranci, idan kuma iska a bushe take ko ana sanyi, awa 48 ta fi kwanciyar hankali. A wannan lokaci kada a shiga cikin bahon, kada kuma a sake taɓa murɗin, domin motsa shi bayan ya soma kamawa yana yaga shi a ciki.

Ana iya shafa wa gaskit basilin ko giris don ya zauna da kyau?

Gaskit da yawa na magudana robar EPDM ce, wadda ke jure ruwan zafi da sabulu amma take kumbura ta yi laushi idan man fetur ko abin da aka samo daga gare shi ya taɓa ta. Basilin da giris ɗin mota duk daga can suke, kuma ga ABS a gefe da shi ma ba ya son su. Idan ana buƙatar santsi, kamar a zoben marfin magudana, giris ɗin silikon na masu gyaran famfo ne ya dace, sai dai idan zoben da kansa na robar silikon ne, domin shi ma irin nasa yana kumbura shi.

Yaya zan gane ta inda ruwa yake fita?

A shimfiɗa busasshiyar takarda a ƙasan magudanar, a yi gwajin mataki-mataki. Da farko a toshe magudanar, a zuba ruwa kamar tsawon yatsa da bokiti, a sa alama, a jira awa ɗaya. Idan takardar ta jiƙe a wannan mataki, ruwa ya wuce ta ƙarƙashin leɓe kuma gaskit bai tare shi ba. Idan ruwan ya ragu amma ƙasa a bushe, ko marfin ne ba ya rufewa sosai, ko ruwan yana bi ta ƙasan leɓe ya koma cikin bututu. Sannan a buɗe a saki ruwan gaba ɗaya. Yoyon da ya bayyana yanzu daga gaskit ne ko daga mahaɗan bututu. A ƙarshe a cika bahon har ruwa ya shiga ramin rarar ruwa da ke sama. Wannan rami yana da nasa gaskit, wanda sau da yawa gefe ɗaya ya fi kauri don ya dace da karkatar bangon baho, kuma idan aka juya shi ba daidai ba zai yi yoyo komai yawan silikon da aka shafa a murfinsa.

An riga an sa mini foti a bahon akirilik. In kwance ko in bari?

Idan kwanan nan aka yi aikin, kuma bakin magudanar ko gwiwar ABS ce, shawarata ita ce a kwance, a wanke maiƙon sosai da ruwan sabulu, a sa sabon gaskit, a sake ɗaurawa da silikon marar asid. Aikin awa ɗaya ne da jiran kwana ɗaya ko biyu. Idan kuwa an shekara da yawa, a haska fitila a kewayen leɓen da kuma jikin gwiwar ta ƙasa, a nemi siraran layuka, ko canjin launi, ko wurin da ya yi fari-fari. Kayan magudanar da suka soma tsagewa ba a yi musu faci, canza su ake yi gaba ɗaya, domin tsagar da ido ya gani tana da 'yan'uwa a cikin haƙoran murɗi. Idan tsagar a jikin bahon take, tana fita daga bakin ramin kamar hasken rana, a daina tara ruwa a ciki, a kira mai gyaran akirilik ya duba ko gindin bahon yana da isasshen abin da ya tallafe shi kafin a ɗaura sabuwar magudana.